Dutsen Babanmu da Tulun Masu Auna Teku

Doña Hermelinda,

Ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi. Tun shekarar tamanin da uku, da teku ya yi ɗumi kamar romo, ruwan sama ya kwashe gadar garinmu har da rabin maƙabarta, zuciyata ba ta sake tsalle irin na makon nan ba. Ban yi makaranta ba. Matata Casimira ce ke rubuta miki, tana yi tana hararata.

Ni masunci ne. A ƙauyenmu in ana gardamar shekarar da kifi ya ɓace, ko jirgin da ya nutse da su wane, ni ake kira. Shi ya sa da wata injiniya, Zoila Chunga, ta zo ofishin ƙungiyar masunta tana cewa suna da na'urori a teku masu faɗin abin da ruwa zai yi jibi, na yi mata dariya a gaban kowa. Na ce, yarinya, tekun da ya ci kawunnaina biyu bai taɓa aiko da sammaci ba. Ta ce to, kada dai kowa ya fita ranar Alhamis.

Laraba teku kwance kamar tabarma. Tsuntsaye ba su nuna komai ba, gwiwata mai ciwo in teku zai tashi, da ba ta ƙarya, ita ma shiru. Ranar Alhamis da na fita, sai dai Casimira ta ɓoye bututun man injina. Doña, kafin hantsi raƙuman ruwa sun haura har rumfunan kifi! Kuma ba wanda ya mutu, ko ɗaya! Na tsaya a tudu ina tuna mutanen da teku ya ci, waɗanda da sun sami irin wannan gargaɗi da yanzu suna nan tare da jikokinsu.

Ga matsalar. Injiniyar ta ce hasashensu zai fi daidai in sun dasa wata na'ura kusa da mu, mai kama da ƙaton tulu ruwan ɗorawa, tana auna ɗumin teku da ƙarfin igiyar ruwa. Suna son wurin da ƙasan teku ke gangarawa cikin zurfi farat ɗaya, mai duwatsun da za su hana manyan jirage masu jan koma su tsinke ta. Tana bayani na gane Dutsen Babanmu take siffantawa ba ta sani ba.

Kowane gida a nan yana da wurinsa na ɓoye, ba a faɗa ko an sha an bugu. Ana gane shi ne da daidaita abubuwa biyu na kan tudu da ido. Ba zan ce waɗanne ba, Casimira ma ba ta sani ba. Babanmu ya nuna mana namu, ni da ƙanena Fulgencio, ya sa muka rantse. A shekarun yunwa dutsen nan ne ya ciyar da mu. In aka dasa tulu a kai, ko makaho ya gan shi, kuma dole su sanar da wurin don kada jirage su buge shi.

Na gaya wa Fulgencio. Ya ce, tsoho mai rawar kai, an yi maka wasa da waya za ka sayar da ubanka. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa. Shin na ci amana ne? Ni dai gobe da asuba zan ɗauki injiniyar a jirgina in kai ta, in ga wanda zai tare ni.

Tsohon da teku ya ba mamaki,
daga gaɓar Piura

*

Baba,

Murnarka ta kama ni nima. Mutumin da ya yi dariya a gaban jama'a, ya dawo ya ce ashe ita ke da gaskiya, ba ƙaramin mutum ba ne.

Amma dutsen nan ba naka kai kaɗai ba ne. Rantsuwar ku biyu kuka yi, rabin sirrin na Fulgencio ne, kuma tsoronsa ba shirme ba ne: in wuri ya bayyana, kifin da ke ciyar da gidansa zai ragu. Kai ma kana da hujja mai nauyi. Mahaifinku ya ɓoye wurin ne don 'ya'yansa su rayu, na'urar nan kuwa aikin da za ta yi ke nan.

Ka yi abu biyu kafin ka tayar da inji. Ka tambayi injiniyar ko tulun zai yi aikinsa in an matsar da shi gefe, a kan gangaren amma nesa da bakin dutsen. Ba lallai ka faɗi dalili ba. Sannan ka sa ƙungiyarku ta kafa doka cewa ba mai ɗaure jirgi a jikinsa ko ya jefa ƙugiya kusa da shi. Wannan zai kare na'urar, ya kare muku kifin.

Gobe da asuba kuwa, ƙofar ƙanenka za ka fara ƙwanƙwasawa. Ka roƙe shi ya shiga jirgin, ya ji bayani da kunnensa, ya yi tambayar da ya ga dama. In ya ƙi, ka ɗaga tafiyar, teku ba zai ƙaura ba. In ya yarda, kai ka riƙe inji kawai, ka bar shi ya miƙa hannu ya ce nan ne.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku a jirgi ɗaya kuna gardama.

Hermelinda