Lamba Ta Bakwai a Takardar Jaufar

Akurana, 3 ga Agusta, 2016

Tambi Jaufar, ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Umma. Mijina Maruf da yara suna gaishe ku. Ban kira ka a waya ba saboda na san halina, zan ɗaga murya har maƙwabta su ji.

Jiya a ɗakin malamai, Malama Dilrukshi mai koyar da lissafi ta ajiye min wata takarda mai launi a kan tebur. Sun je hutu garinmu Ullai ita da mijinta, sun sauka a masaukinka, ba ta san ƙanena ne kai ba. Sai yabonka take yi, wai ka koya wa mijinta tsayuwa a kan allon hawan igiyar ruwa cikin kwana biyu, mutumin da ko keke bai iya ba. Na yi murmushi na buɗe takardar. Abubuwa bakwai da baƙo zai gani ya yi a garinmu. Hawan igiyar ruwa da sanyin safiya, shiga kwalekwale a tafki a ga kada, hawa dutse a hango giwaye, cin kottu, wato soyayyar gurasa, a bakin titi. Duk na karanta ina jin daɗi, har na zo kan lamba ta bakwai: "Gidan da teku ya ci. Ku zo ku ga kangon, wata tsohuwa da ta tsira za ta ba ku labari."

Hoton gidanmu ne, Jaufar. Ga tagar ɗakin Umma da ƙarafunanta. A gidan nan mahaifinmu ya rasu. A ɗakin nan 'yata Nuzha ta rasu tana da shekara uku. Ka jera su tsakanin kada da kottu. Ita kuma uwar da ta haife ka ta zama "wata tsohuwa".

Shekara goma sha biyu, tun bayan ambaliyar teku, ban iya taka garin nan ba, kai kuwa kana kai mutane da gajeren wando su ɗauki hoto a wurin. Ka tattara takardun nan ka ƙone su, ka daina jan Umma zuwa can. Ba roƙo nake yi ba.

Ka gaida Umma, kada ka karanta mata wannan.

Rattarka,
Fazmiya

Ullai, 10 ga Agusta

Ratta,

Wa alaikumus salam, yayata. Muna lafiya. Ruwa ya yi kyau bana, ɗakuna a cike, ba ni da lokacin rubutu amma ga shi na zauna.

Ashe kin san hanyar gidan waya. Tun da na gina masaukin nan ba ki taɓa tambayar ɗaki nawa ne ba, sai yau da za ki ba ni umarni daga kan tudu. Ke kina can inda ba kya jin ƙarar teku. Ni da shi nake kwana, da shi nake tashi, a cikinsa nake neman abin da Umma take ci. Ina da shekara goma sha uku aka zagaya da ni filin masallaci, kaina a naɗe da tsumma, ana ɗaga mayafi ina duba fuskokin gawawwaki ko zan gane Wappa, mahaifinmu. Ke kin iso bayan kwana huɗu, an riga an rufe kowa, kika kwana biyu kika koma. Ban taɓa yi miki gori ba. Yau ma ba don kin fara ba da ban yi ba.

Kin ce ina jan Umma. Wa ya isa ya ja Umma? Ko kin manta da ita ne? Kullum bayan la'asar tana ɗaukar lemarta ta tafi kangon nan, tun kafin in san menene takarda mai launi. Ta share ƙasa, ta zauna a dokin ƙofa. Ranar Litinin da Alhamis, idan iska ta juya ruwa ya lalace ba a iya hawa, nakan kai baƙi biyar ko shida a keke mai ƙafa uku. Suna cire takalmi. Matansu suna ɗaura zanen da nake ba su. Wanda ya yi dariya sau ɗaya na sauke shi a hanya ya koma da ƙafa. Umma tana magana da yarenmu na Tamil, ni ina fassarawa. Babu mai ba ta ko sisi, ta hana.

"Wata tsohuwa" kuma ita ta zaɓa, ta ce kada a sa sunanta.

Idan kina so a rufe gidan ki zo ki rufe da hannunki. Mota tana tashi daga Kandy, kusa da ku, kullum. Ki gaida Maruf da yara, ki ce da babban ya zo in koya masa ruwa, kada ya girma yana tsoron baho irin ubansa.

Ƙanenki,
Jaufar

Akurana, 17 ga Agusta

Jaufar,

Salam. Wasiƙarka ta zo, kuma da ita kaɗai ce da na amsa maka gorinka ɗaya bayan ɗaya. Wani abu ya riga ta.

Dilrukshi ta lura na daina yi mata magana, ta tambayi shugabar makaranta, aka gaya mata daga inda na fito. Shekaranjiya ta zo har gida da ledar ayaba, idanunta jawur. Ta ce in yafe mata, ba ta san ni ce uwar yarinyar ba. Ta riƙe hannuna tana cewa kada in riƙe tsohuwar a zuciya, duk uwar da ta ga ɗanta ruwa zai tafi da shi haka za ta yi, ba da gangan ta saki jikarta ba.

Na ce da ita, "Saki?"

Sai ta gane ban sani ba. Ta tashi za ta gudu, na tare ƙofa har ta faɗa min duk abin da ta ji a kangon gidanmu, daga bakin Umma, da fassararka.

Ni abin da aka gaya min shi ne Nuzha tana barci saboda zazzaɓi, ruwa ya shigo, ba ta ma farka ba. Kawu Lebbe ya faɗa min haka a gaban Umma, Umma ta sunkuyar da kai. Da wannan maganar na rayu. Duk sanda na tsani kaina don na bar ta na tafi bikin dangin miji, sai in ce aƙalla ba ta ji tsoro ba. Ashe idonta biyu. Ashe tana rungume a ƙirjin Umma tana kiran sunana.

Turawa sun sani. Malamar lissafi ta sani. Mijinta mai koyon tsayuwa a kan katako ya sani. Mutum nawa ne suka koma ƙasashensu da labarin mutuwar 'yata a baki, suna ba abokansu a wurin cin abinci? Kai kuma sau biyu a mako kana juya shi zuwa Turanci, kana zaɓen kalma mai daɗi, ka dawo ka kira ni da Sallah kana tambayar ko yara sun samu sababbin kaya.

Tun yaushe ka sani? Wannan kaɗai nake so ka amsa. Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba.

Fazmiya

Ullai, 23 ga Agusta

Ratta,

Salam. Shekara uku ke nan.

Abin da nake iya tunawa na ranar shi ne kwanon rufi ya sare ni a ka, sai farkawa na yi a kan rufin maƙwabta. Ni ma labarin barcin aka ba ni, kuma na yarda kamar yadda kika yarda.

Shekara uku da suka wuce wata baƙuwa, mai shekaru kamar na Umma, ta raka ɗanta hawan ruwa. Ita ba ta shiga, sai yawo. Ta ga Umma a kangon, ta zo ta ce in je in tambayar mata ko gidanta ne. Na je ina gunaguni. Umma ta dubi matar, ta fara magana, ni ina fassarawa ba tare da na sa hankali ba. Yadda ruwa ya fasa ƙofa, yadda ya kai mata wuya, yadda ta saƙala hannun hagu a ƙarfen taga, Nuzha a hannun dama. Sai ta ce ta ga ɗanta ruwa yana wucewa da shi, fuskarsa duk jini, ta miƙa hannu ta cafko wuyan rigarsa. Na faɗa da Turanci. Sai da na gama faɗa na ji abin da na faɗa. Na juya na ce, "Umma, wane hannun?" Ta ce, "Hannu nawa gare ni?"

Haka na sani, Ratta, a gaban baƙuwa, da bakina.

Wata biyu ban yi mata magana ba. Na so in rushe kangon. Amma Umma da ta yi shekara tara tana tsakurar shinkafa kamar tsuntsu, ranar da ta ba da labarin ta cinye kwanonta. Daga nan ta fara tare baƙina a ƙofa tana ja musu hannu, ba su san abin da take cewa ba. Na sa a takarda ne don abin ya zama da rana da lokaci, ta daina bin mutane a titi. Wataƙila na yi kuskure. Amma kada ki ce ina zaɓen kalma mai daɗi. Sau biyu a mako ina tsayawa ina gaya wa mutanen da ban sani ba cewa an saki yarinya 'yar shekara uku don a kama ni. Suna juyowa su kalle ni, ina ganin suna auna ko na cancanta. Ki gwada sau ɗaya.

Na ce da Umma ta gaya miki, ya fi sau ashirin. Na ɗaga waya da kaina na ajiye. Me zan ce? Cewa ina raye a madadin 'yarki? Ina jin haushinta, ina jin haushin Kawu Lebbe da ya mutu ya bar mana ƙaryarsa, ke ma ina jin haushinki, don da kina zuwa da ba ta nemi kunnen baƙi ba.

Na karanta mata wasiƙarki duka. Ga tata a ciki, da hannunta.

Jaufar

'Yata Fazmiya,

Assalamu alaikum. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki da yaranki.

Abin da matar ta gaya miki gaskiya ne. Nuzha ba barci take yi ba. Ni na sake ta. Ban yi shawara ba, hannun ne ya tafi, amma hannuna ne. Kawunki ya ce idan kika ji za ki haukace, na bi maganarsa saboda ina tsoron idonki, ba don tausayinki ba.

Ina gaya wa baƙi ne domin suna tafiya. Ke ba za ki tafi ba ko kina nesa.

Kada ki ɗora wa ƙanenki. Bai roƙe ni in kama shi ba. Na ce ya cire gidan daga takardarsa, ya cire.

Ban ce ki yafe min ba. Akwai abin da Nuzha ta faɗa a ƙarshe, ban taɓa gaya wa baƙo ko ɗaya ba, Jaufar ma bai sani ba. Naki ne. Ba zan rubuta shi ba.

Ummanki

Akurana, 30 ga Agusta

Jaufar,

Salam. Zan shigo motar safe ranar Juma'a, ni kaɗai. Kada ka zo tasha, kuma ba a masaukinka zan sauka ba. Ban huce ba, kada ku ɗauka na huce.

Ka ce da Umma ta jira ni a gidan bayan la'asar. Kai ka tafi ruwanka. Ba ma bukatar tafinta.

Rattarka,
Fazmiya