A Mayar Mana da Bilkisu Cikin Zauren Manoma

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Manoman Masara ta garinmu, a ƙasar Ƙanƙara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da baƙi, da dabbobin gida baki ɗaya. Da gangan na cika gaisuwar nan, don na ga abin da ya sami wadda ta manta da ita.

Ni ne Lawal, mai gonar nan ta bakin hanyar Mabai. Sau biyu ina zuwa ƙofar gida, ana ce mini Alhaji ya tafi kasuwar Sheme. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda maganar ma ta kowa ce.

1. Alhaji ya san Bilkisu 'yar Malam Sani, wadda ta yi karatun aikin gona, ita ta buɗe mana zauren nan na waya bara kafin damina. Gida-gida ta bi tana saka lambobinmu. Ni kaina sai da ta zauna da ni har la'asar kafin na iya danne wurin magana ban saki ba. Ta jawo samari daga Faskari da Sabuwa suna turo yadda kasuwar hatsi ta ci, ita kuma tana kawo labarin ruwa da na ƙwari. Don ladabi ta damƙa wa Alhaji ragamar zauren, shi ke sawa, shi ke cirewa.

2. Mu dattawa kuwa muka mayar da wurin ƙofar masallaci bayan sallar Idi. Kullum da safe Alhaji zai turo saƙon murya. Wayata ba ta samun sabis sai na hau tudun bayan makaranta, na ɗaga ta sama kamar mai shanya. In saƙon ya buɗe sai in ji ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya masu jiki, Allah ya ba mu damina mai albarka. Daga nan sai amin ta ɓarke har azahar. Ba na cire kaina. Akwai ranar da na yi amin sau uku, don ban tabbata biyun farko sun tafi ba.

3. Wata Juma'a, lokacin masara ta kai gwiwa, Bilkisu ta turo hoton ganye duk huda, ta rubuta cewa tsutsa ta shigo gonakin yamma, kowa ya duba tsakiyar masararsa a ranar, ta kuma faɗi maganin da za a fesa. Ranar Juma'a fa, Alhaji! Kafin a sauko daga masallaci hotunan furanni da barka da Juma'a sun binne saƙon. Sai bayan kwana tara na gan shi, ina neman wata addu'a da ta yi mini daɗi. Na ruga gona, na tarar tsutsa ta ci ta ƙoshi. Gonar da ke cika mini rumbu ba ta ba ni rabinsa ba. Ni da nake ba dangi masara, ni ne na koma awo a kasuwa kafin bazara ta raba. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi.

4. Da kwamiti ya zauna kan asarar, na ɗauka za a rage mana amin. Ashe an gano mai laifi: Bilkisu ta shigo wa dattawa da hoton tsutsa ba sallama. Alhaji ya cire ta a take. Yarinyar ta zo har gida ta durƙusa ta ba da haƙuri, mahaifinta ma ya zo, aka ce ana dubawa. Shekara ta zagayo ana dubawa. Samarin Faskari da Sabuwa da suka ga haka, sai kowa ya kama bakinsa. Yanzu zaurenmu ya fi kowane zaure tarbiyya a ƙasar Katsina, sai dai ba wanda ya san abin da ke cikin gonar maƙwabcinsa.

Ban ce sallama ƙaramin abu ba ce. Da ta yi, da ya fi. Amma wanda ya ga wuta ta kama dangar gidanka ba ya tsayawa tambayar kwanan iyali.

Roƙona ga Alhaji kaɗan ne. A mayar da Bilkisu cikin zauren a makon nan, a ba ta ragamarsa ita da samari biyu masu ido a kan waya. Mu kuma a buɗe mana wani zauren daban na gaisuwa, Alhaji ya shugabance shi, ni zan fara shiga, in yi amin har cajina ya ƙare.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne masarata ta sake kai gwiwa. Jiya da safe na ga huda a ganye huɗu. Na ɗauki hoto yadda Bilkisu ta koya mini, na hau tudu na tura zaure, da sallamata cikakkiya. Mutum goma sha ɗaya suka amsa mini da Allah ya kyauta. Ba wanda ya faɗa mini abin da zan fesa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya cika masa rumbu, ya sanyaya masa zuciya a kan yarinyar nan. Ita dai tsutsar, Alhaji, ba ta yi sallama ba bara, bana ma ba ta yi ba, kuma har yanzu ba wanda ya iya cire ta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawal na bakin hanyar Mabai.