Shafin Fiffike

Zuwa ga ƙanwata Loretta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Merle da yara. Mu nan sai godiya, ƙanƙara ta fara narkewa.

Jirgin saman da Baba ya fara ƙerawa ya kusa kammaluwa. Gangar jikinsa ta tsaya kan tayoyinta a gareji, saura fukafukai. Sai dai zanen da marigayi ya bari bai cika ba. Babu shafin ginshiƙin fiffike, katakon da ke ɗauke da nauyin jirgi a sama. Na san yana wurinki. Ki turo min, abin da ya wuce ya wuce.

Yayanki,
Duane

Yaya Duane,

Muna lafiya, Merle na gaishe ka. Ni dai gaisuwar tawa ta dole ce.

Wai abin da ya wuce ya wuce. A wurin wa? Ni na riƙe wa Baba katako yana shafa gam har fatar yatsuna ta saɓule, kai kana Fargo kana sayar da taraktoci. Ko makokinsa ba a tashi ba ka zo da tirela ka kwashe jirgin. Kuma na ga hoton ɗan ƙarfen nan da ake buga sunan maƙeri. Duane Hofstetter, kai kaɗai. Babu sunan Baba, Orval, balle nawa. Ko kunya.

Shafin yana nan. Tunda kai ne maƙerin, ƙera abinka.

Ka huta lafiya,
Loretta

Loretta,

Ina gaishe ku, ya girbi? Kin ji ni shiru tun bazara, aiki ne ya riƙe ni.

To uwar riƙo, ba a fasa komai ba don ke. Na auna tsofaffin hotunan Baba, na lissafa ginshiƙin da kaina, na haɗa shi na liƙe da gam. Na rufe fukafukan da ƙyalle, na ɗinke, na fesa jan fenti. In kin gan su sai kin yi kuka. Ranar Asabar zan tashi daga filin maƙwabcina Arlo, ni kaɗai, kamar yadda ake tashin farko. Ki zo, akwai kofi da gasasshen nama. Shafin kuma ki kunna murhu da shi.

Yayanki duk da haka,
Duane

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direban da zai miƙo maka wannan yana jira.

Ga shafin. Dubi jan rubutun Baba a ƙasa. Akwai farantan ƙarfe da ake sawa a cikin ginshiƙi kafin a liƙe shi. Hoto ba ya nuna su, ai a ciki suke. In babu su, fiffiken zai naɗe kafin ka wuce bishiyoyin Arlo.

Kada ka ɗauka mantuwa na yi. Matarka na ba ni labari tun ranar da ka buɗe gwangwanin gam. Da a lokacin na turo, aikin yini ne. Na zauna na jira ka liƙe, ka ɗinke, ka fesa, fentin ya bushe. Wallahi ban taɓa jin daɗin jira irin wannan ba.

Gawarka ce kawai ba na so, na binne Baba ya ishe ni. Ranar Asabar zan zo, ka ajiye min kujera a bakin gareji. Zarton Baba yana wurina, zan taho maka da shi, ka yanka fukafukan da hannunka ina kallo.

Ƙanwarka,
Loretta