Ƙwayar Da Nake Daka Masa A Kunu

Gwaggo Delu, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki ajiye takardata a ƙasan tuli, domin matsalata tana da ranar tashi kamar motar haya.

Ni malamar firamare ce a Jega, na haura arba'in, ɗiyana biyar. Ba zan faɗi sunana ba, in kin kai ƙarshe za ki ga dalili. Maigidana mutumin Aliero ne, fataucin albasa yake yi tun kafin ya aure ni. Mutum ne mai kirki, mai ciyarwa, amma in taurin kai sana'a ne da tuni ya gina bene.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ana tsakiyar lodi a Aliero, ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna. Abokan sana'arsa suka ce rana ce, suka kwara masa ruwa. Ni na kafe sai da aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya saurari ƙirjinsa, aka ɗauki hoto, ya ce jininsa ya hau ƙwarai, har zuciyar ta fara buɗewa saboda wahalar turawa. Ya rubuta ƙwaya iri biyu, ya ce sha ne har iyakar rai. Ya hana shi gishiri da kitse da taba. Duk bayanin nan bai kai tsawon alwala ba, rabinsa da Turanci, kuma ni yake kallo yana yi, sai ka ce mijin nawa buhu ne na kawo awo.

Ya sha na 'yan watanni ya daina. Wai ɗayar tana sa shi fitsari, alwalarsa ba ta zama, kuma babban mutum ba zai riƙa tsayar da direba a hanya kamar yaro ba. Ɗayar kuma wai tana kashe masa jiki, har da wani abu da kunya ba za ta bar ni in rubuta ba, ke babba ce kin gane. Ranar da ya faɗa mini haka na ce masa mutanen da ke kwance a maƙabarta babu mai wannan kukan a cikinsu. Bakina ke nan, Gwaggo, haka Allah Ya yi shi. Ya kwashi ƙwayoyin ya watsa a kan rufi, washegari ya hau babur ya tafi Maiyama wurin wani mai magani, ya dawo da galan na jiƙo: sassaƙe da tafarnuwa da zuma.

Ni kuwa karatu ne ya cuce ni. Wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya tana aiko mini da mujallun lafiya in sun gama da su, ba na barin ko shafi ɗaya. A nan na ga binciken da likitoci suka yi a ƙasashen waje, suka bi dubban masu hawan jini shekara da shekaru, wasu na shan magani wasu ba sa sha. Waɗanda suka sha, shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, gazawar zuciya ma ta ragu. Na ga kuma jerin abubuwan da ke kawo ciwon: taba, gishiri, kitse, teɓa, gado. Na ɗaga kai na dubi mijina yana cin balangu da sigari a bayan kunne, ubansa kuma a gona ya faɗi bai tashi ba. Ba wanda ya rasa a cikin jerin. Da jarrabawa ce da shi ya zo na ɗaya.

Sai na ɗauki tsohon kwalin na tafi kemis na sayo irinsu. Kowace safiya ina daka ƙwayoyin a ɗan turmin yaji, in zuba a kununsa, in ƙara tsamiya da citta don su rufe ɗacin. Yau fiye da shekara ke nan. Ciwon kai ya tafi, kumburin ƙafa ya sace, yana hawa bisa lodi ba ya haki. Fitsarin yana nan yadda yake, amma yanzu ya ce jiƙon Maiyama ne ke wanke masa dattin ciki. Abin da ya sa ya zagi maganin asibiti, shi ya sa yake yabon galan. Ina jinsa a zaure yana yi wa maza huɗuba, ni ina ciki ina cizon zane.

Da abin ya tsaya nan da ban rubuto ba. Yana da amini, Ladan, tare suka tashi, shi ma yana da hawan jini, yana shan maganinsa lafiya lau. Maigidana ya bi shi da magana, ya ce dube ni, har Ladan ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma jiƙo. Da sanyin nan da ya wuce aka tsince shi a bayi, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafa sun mutu. Na je dubiya. Mutumin da in yana ciniki ana jin muryarsa daga bakin titi, yanzu matarsa ce ke share masa miyau, yana kallon mutane yana son ya yi magana, harshen ya ƙi. Maigidana ya ce ƙaddara ce, kuma wai Ladan bai sha jiƙon a kan ƙa'ida ba. Na dawo gida na kasa cin abinci. Ni ce galan ɗin, Gwaggo. Ni ce na sa ƙaryar ta yi kama da gaskiya.

Yanzu ga abin da ke hana ni barci. Bana ya ce ba zai ba kowa amanar kayansa ba, da an gama cire albasa shi da kansa zai bi motar zuwa kurmi, ya zauna can sai kaya sun ƙare, wata biyu ko uku. Har ya aika Maiyama a cika masa galan biyu. A can babu kununa. Akwai tsire, akwai miyar mai tuwo da aka cika da gishiri, akwai sigari ba mai harararsa. Kuma na karanta cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan in an daina ta farat ɗaya, jinin yana iya tashi fiye da da, zuciya ta rikice. Da dare ina kwance ina sauraron numfashinsa, ina ganinsa a faɗe a wata tasha inda ba mai jin Hausa, ana yi masa fifita da kwali.

In kuma na faɗa masa, kin san sunan da ake ba macen da ta zuba wa mijinta abu a abinci a ɓoye. Barbaɗe za a ce. Ba wanda zai tsaya ya tambayi ko na boka ne ko na kemis. 'Yan'uwansa dama suna cewa boko ya sa na raina shi. Zai iya sakina a ranar, kuma ina da ɗiya mata biyu da ba su yi aure ba, sunan uwarsu zai riga su shiga kowane gida. Abin da ya fi ba ni tsoro ma, don ya nuna mini shi namiji ne ya rantse ba zai ƙara haɗiye ƙwaya ba har abada, in yi biyu babu.

Na yi tunanin in daka ƙwayoyin in zuba a cikin galan ɗin. Na yi tunanin in dama su a garin kunu in ba shi guzuri. Na kuma karanta cewa asfirin yana kare zuciya, shin in ƙara masa? Ina jin haushinsa, ina jin haushin mai jiƙo, ina jin haushin likitan da bai tambaye shi komai ba, ina jin haushin kaina. Amma duk haushin nan tsoro ne ya sa riga. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Turmi, Jega

Malama,

Na tsallake da takardarki gaban sauran, kuma kafin in amsa na kai ta wurin wani likitan zuciya da nake shawara da shi, domin ni ba likita ba ce. Abin da kika karanta gaskiya ne. Binciken shekarun nan ya nuna saukar da hawan jini yana rage shanyewar jiki da gazawar zuciya, tafarnuwa da zuma kuwa, in ma suna da ɗan amfani, ba sa maye gurbin magani ga mutumin da zuciyarsa ta riga ta buɗe. Mai yiwuwa kununki ne ya riƙe shi har yau. Wannan yabon ba zan hana ki ba.

Amma likitan ya riƙe kai da ya ji sauran. Fiye da shekara mutum yana shan magani ba a auna jininsa ba, ba a duba ƙodarsa ba, ba a san ko ƙwayar kemis ɗin ta gaske ce ba. Wasu ƙwayoyin ma ba a yi su don dakawa ba. Kuma da ya faɗi a wani wuri aka tambaye shi ko yana shan wani abu, cewa zai yi a'a da zuciya ɗaya, a ɗora masa wani a kan naki. Saboda haka galan da garin kunu ki cire su daga ranki: ba za ki san nawa ya sha ba, yau ya kurɓa gobe ya kwankwaɗa. Asfirin kuma kada ki kuskura. Yana taimakon wasu, amma ga mai jinin da ba a san inda ya tsaya ba yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Likita ne kaɗai zai yanke wannan.

Bari in tsaya wa maigidanki kaɗan, tunda ba ya nan. Kukan da ya kawo miki ba shirme ba ne, sanannun illolin waɗannan magunguna ne. Namiji ya daure ya faɗa wa matarsa abin da ya fi komai nauyi a bakinsa, aka amsa masa da maƙabarta. Daga ranar ya rufe ƙofa, ke kuma kika shiga ta taga. Da an koma asibiti a lokacin, da an gaya muku maganin hawan jini ba iri biyu ba ne kawai. Akwai wasu, har da sababbi da bincike ya nuna suna taimakon zuciyar da ta gaji, kuma ana iya canja wa mutum har a dace da wanda jikinsa ya karɓa, a gyara masa lokacin sha saboda tafiya da salla.

Ga abin da nake gani. Kada ki daina ba shi farat ɗaya. Cikin makon nan ki ɗauki kwalayen maganin da katinsa na asibiti ki je wurin likita ke kaɗai, ki faɗi duk abin da kika faɗa mini, ki nemi ranar da za ki kawo shi. In wancan likitan bai da lokacin saurare, ki nemi wani.

Sannan ki faɗa wa mijinki, tun da sauran kwanaki, kada ki bari sai ana ɗaure kaya. Ku biyu kaɗai, bayan ya ci ya huta. Ki ajiye kwalayen da katin asibitinsa a gabansa kafin ki buɗe baki, ya ga maganinsa ne da aka rubuta da sunansa. Ki fara da neman gafara, domin kin yaudare shi ko da niyyar ta yi kyau, kuma jikinsa ne. Kada kalmar "ai na faɗa maka" ta fito. Na san zai yi miki wuya, na karanta takardarki. In kina tsoron abin ya kai ga 'yan'uwansa a karkace, ki fara sanar da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, wanda zai iya shaida abin da ke cikin turmin.

Maganar Ladan za ta zo masa da kanta, kuma za ta yi masa nauyi fiye da yadda kike zato. Kada ki jefe shi da ita, kada kuma ki ɗauke ta ke kaɗai. Ba wanda ya nufe shi da sharri a cikinku. Abin da ya rage a hannunku shi ne sauran mutanen da suka ji huɗubar zaure. Bakin da ya tura su Maiyama shi ne zai iya maido su asibiti, kuma wannan aiki ne da zai ba shi hanyar fita da mutuncinsa.

In likita ya yarda ya yi tafiyar, ya tafi da maganin da zai ishe shi, da takarda mai sunayensu a aljihu, ya riƙa zuwa awo a can, ya rage gishiri, ya yi ƙoƙarin rabuwa da sigari. In ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi in ya kwanta, ko hannu ya yi nauyi, asibiti nan take.

Ba zan yi miki alkawarin cewa gidanki ba zai girgiza ba. Yana iya yin fushi, yana iya ƙaurace miki, mutane kuma za su yi magana. Amma magana tana tsufa, kuma aure ko ya tsage ana ɗinke shi muddin mutanen biyu suna raye. In ya hau motar nan bai san abin da ke riƙe da shi ba, ba ki da abin ɗinkawa. Ki bar shi ya yi fushinsa, Malama, mai fushi yana numfashi.

Allah Ya sanyaya miki harshe a ranar, Ya buɗe masa kunne, Ya ba Ladan sauƙi, Ya kai maigidanki lafiya Ya dawo miki da shi da ƙafarsa.

Gwaggo Delu