Galon da Ya Zo Ba Albashi

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya zafin Agadas? Ya ciwon ƙafar taki? Mu nan Matameye mun gode Allah, Inna ma da sauƙi.

Yaya, maganar ƙanenki, maigidana Baban Nana, ce ta hana ni sukuni. Tun da aka ƙara masa girma a soja aka ɗaura masa galon kapitan a kafaɗa, har yau albashin tsohon muƙaminsa ake ba shi. Kin tuna san noman da Baba ya yanka ranar bikin wankan galo? Bana da aron shanu aka yi huɗa a gonar Ɗan Barto. Baban Nana ya je Yamai neman haƙƙinsa, wannan biron gwamnati ya tura shi wancan, ƙarshe aka ce ya yi haƙuri.

Dangi kuwa sun ƙi yarda. Ya zo hutu, jiya sai ga Kawu Sani yana neman kuɗin asibiti. Ya rantse masa babu. Kawu ya ce, "Ashe girma ya sa ka manta da mu," ya fita ko ruwa bai sha ba.

Da na shiga ɗaki na tarar ya cire galon daga kakinsa. Ya ce, "Hadiza, ajiye min inda ba zan gani ba." Galon yana cikin kwallar da nake ajiya. Ni kam na cire rai.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida duka. In kin buga masa waya, don Allah ki kira shi da sunansa na yanka. Kada ki ce Kapitan.

Taki,
Hadiza