Takardar Falmata Ta Dawo Babu Rubutu

Zuwa ga Shugaban alƙalan jarrabawar wasan takalmin taya, waɗanda suka zo mana Gure daga Damagaram.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kun koma gida lafiya. Sunana Isufu, walda nake yi a bakin tasha. Ni ne uban Falmata, yarinyar nan 'yar shekara goma sha uku da kuka kayar ranar Asabar. Kurma ce tun haihuwa. Shekara biyu tana koyon wasan nan a kan simintin gidan matasa wajen malaminsu Abba, da suke kira Mushe Abba, wato Malam Abba da Faransanci, har ta iya tafiya da baya da juyi a ƙafa ɗaya.

Ba don ta faɗi na rubuto ba. Wanda ya shiga jarrabawa ya san ana ci, ana faɗuwa. Yadda kuka kayar da ita ne ya hana ni sukuni.

Na ɗaya: tun kafin a fara, Mushe Abba ya shaida muku ba ta ji, ya roƙa a ɗaga mata hannu maimakon usur. Kai da kanka ka ce ba komai. Da layi ya zo kanta, sai aka busa usur daga bayanta. Ta tsaya tsakiyar fili tana jira, 'yan kallo suna dariya, ba ta san ita ake wa ba. Sai da malaminta ya ruga gabanta ya ɗaga hannu.

Na biyu: da ta fara, ku uku ne a tebur. Na damanka yana latsa salula, na hagu yana zuba shayi. Ina tsaye bayanku, ba labari aka ba ni ba. Ta gama ba ta faɗi ba, hannunta bai taɓa ƙasa ba. To me suka gani da suka ba ta maki?

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: takardar sakamako tana da gurbi ƙarƙashin kowane motsi, inda alƙali zai rubuta abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Yaron maƙwabcina ma ya faɗi, amma an rubuta masa cewa gwiwarsa ba ta lanƙwasa. Ta Falmata fara fat, sai kalma ɗaya ta Faransanci mai nufin ba ta ci ba. Na biyo ka bakin mota na tambaye ka, ka ce, "Malam, ai duk yana cikin takarda." Ka ja ƙofa.

A gida ta tambaye ni da hannu, a ina ta yi kuskure. Tun ranar take maimaita motsin ɗaya bayan ɗaya, tana neman laifin da ba a nuna mata ba.

Ba alfarma nake roƙo ba. Idan ta yi kuskure, ku rubuto shi, ku faɗi ƙafar da wurin. Idan ba ku kalla ba, ku sake mata jarrabawar gaban alƙalan da za su ɗaga kai. Idan kuma kurumtarta ce laifin, ka zo Gure ka gaya mata da bakinka. Tana karanta leɓe, za ta gane.

Allah ya sa ka yi adalci a kujerar da aka ɗora ka, ya tsare maka naka 'ya'yan daga irin wannan rana.

Wassalam.

Isufu mai walda, Gure.