Katin Banki Ya Hana Mma Shan Magani

Nima, Accra

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya sanyin Jamus? Yaya Anti Rabi da yara? Mu nan da sauƙi, sai dai raina a ɓace yake.

Katin bankin nan da ka sa aka yi wa Mma ya zame mana masifa. In an ciri kuɗi, su yanki nasu. In an duba abin da ya rage, su yanka. Ko katin na kwance ƙarƙashin matashi, wata na mutuwa sai sun yanka. Ka san Mma, da kuɗin koko ta rene mu, ba ta yarda sidi ɗaya ya tafi a banza. Sai ta rantse sau ɗaya za ta riƙa cira a wata.

Ashe maganin hawan jininta ya ƙare, ta ɓoye mini, wai tana jiran sabon wata. Ranar Laraba jiri ya kwashe ta a kasuwar Nima, matan kasuwa suka kawo ta gida. Da muka kai ta asibiti na ce, "Mma, don me?" Ta ce, "Gumin ɗana ne, ba zan ciyar da injin banki ba."

Ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Don Allah ka nemi wata hanyar aike. Ka gaida kowa, ku sa ta a addu'a.

Yaya, banki bai goya ka ba, bai dama maka koko ba. Don me zai riga Mma cin guminka?

Ƙanwarka,
Hawa